Wa Ke Zana Maka Lambar QR?

Mutane da yawa suna kallon lambar QR kamar lambar mota, ko lambar NAFDAC da ke jikin kwalin magani, wato wani abu da hukuma ke bayarwa bayan an yi rajista. Ba haka abin yake ba. Wannan ɗan murabba'in mai baƙaƙe da fararen ɗigo da ake gani a jikin rasit, a katin ɗaurin aure, a kantar kemis ko a bayan kwalin waya, rubutu ne kawai da aka sauya wa kama domin kyamara ta iya karanta shi. Babu mai bayar da shi, babu kuma wani kundi a wata ƙasa da ake shigar da shi. Duk wanda ya san ƙa'idar zai iya zana shi, ko da fensir ne a kan takardar lissafi mai gida-gida, in dai yana da haƙuri. Shi ya sa masu rubuta manhaja ke yawan haɗa wata 'yar ƙaramar uwar garke, wadda wasu ke kira saba, da ba ta da aiki sai guda ɗaya: a aiko mata da rubutu ta adireshin intanet, ta mayar da hoton lambar QR. A ido abin wasa ne, irin aikin da ɗalibi zai gama tsakanin Azahar da La'asar. Ni dai a ganina ƙanƙantar nan ita ce darajarta, domin zanen ba shi ne mai nauyi ba. Abin da ke da nauyi shi ne amana: wa ke ganin rubutun da aka miƙa, me yake yi da shi, kuma ko lambar za ta ci gaba da aiki ranar da mai zanen ya rufe shago.

Asalin wannan sauƙin yana Japan. A 1994 wani sashe na kamfanin Denso, mai ƙera wa Toyota kayayyakin mota, sashen da daga baya ya zama Denso Wave, ya fito da lambar a ƙarƙashin jagorancin injiniya Masahiro Hara. Matsalarsu ta masana'anta ce. Lamba mai layukan tsaye irin ta kayan kanti ba ta ɗaukar abin da ya wuce haruffa ashirin ko kusa da haka, sai a jera da dama a jikin kwali ɗaya, ma'aikaci ya yi ta haskawa ɗaya bayan ɗaya. Hara da mutanensa suka shimfiɗa bayanin a tsaye da kwance, suka kafa manyan idanu uku a kusurwa uku domin na'ura ta gane lambar ko ta wane gefe aka nuna mata. Ko ta ina layi ya ratsa tsakiyar idon, faɗin baƙi da fari yakan zo a kan 1:1:3:1:1, tsarin da suka zaɓa bayan sun bincika takardun ɗab'i suka ga ba kasafai yake aukuwa a cikin rubutu ko hoto ba. Amma abin da ya fi shafar zancenmu shawara ce ta kasuwanci: kamfanin ya riƙe haƙƙin ƙirƙira, ya kuma ce ba zai nemi ko sisi daga masu amfani da lambar ba. A 2000 ta zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 18004. Daga nan aka samu buɗaɗɗun manhajoji irin su ZXing da libqrencode, waɗanda kowa zai iya ɗauka kyauta. Duk wanda ke karɓar kuɗin wata-wata a kan zanen lambar QR zalla, yana sayar da abin da mai shi ya riga ya yi kyautarsa.

Bari mu bi buƙata ɗaya daga shigarta zuwa fitarta. Wata manhajar makaranta tana son sa lamba a jikin katin jarrabawa, sai ta kira adireshin uwar garken, ta liƙa rubutun a wutsiyarsa. Uwar garken ta duba irin rubutun tukuna. In lambobi ne zalla, takan matse kowane uku a cikin ɗigo goma. In manyan baƙaƙen boko ne da lambobi da 'yan wasu alamomi, takan sa kowane biyu a ɗigo goma sha ɗaya. In kuwa an gauraya da ƙananan baƙaƙe, kowane harafi ɗigo takwas zai ci. Sai ta zaɓi girma daga cikin girma arba'in: mafi ƙanƙanta gida 21 ne tsaye da 21 kwance, kowane mataki yana ƙara gida huɗu a kowane gefe, har zuwa 177 da 177, wanda ke iya ɗaukar lambobi 7,089. Bayan haka ta ƙara ɗigon gyaran kuskure da lissafin Reed-Solomon, wanda Irving Reed da Gustave Solomon suka wallafa tun 1960. Ta jera ɗigon daga kusurwar ƙasa ta dama, tana hawa tana sauka layi bibbiyu. Ta gwada mayafi takwas da ke juya wasu gidajen daga baƙi zuwa fari da daga fari zuwa baƙi, ta ɗauki wanda ya fi warwatsa launin don kada wani wuri ya dunƙule ya ruɗa kyamara. A ƙarshe ta bar farin fili mai faɗin gida huɗu a kewaye, ta mayar da hoto. Duk wannan ba ya kai ƙiftawar ido, ba ya buƙatar rumbun ajiyar bayanai, kuma rubutu iri ɗaya da saiti iri ɗaya kullum hoto iri ɗaya suke haifarwa. Kwamfuta mai girman tafin hannu irin Raspberry Pi ta isa ta yi wa makaranta guda wannan aiki tana hamma.

Gyaran kuskuren nan mataki huɗu ne, masu iya farfaɗo da kimanin kashi 7, 15, 25 ko 30 cikin ɗari na abin da ya lalace. Shi ne sirrin yadda ake ɗora tambarin kamfani a tsakiyar lamba ta ci gaba da karantuwa. Sai dai ba a banza ake samu ba, domin lamba mafi girma da ke ɗaukar haruffa 2,953 a mataki na ƙasa, 1,273 kawai take ɗauka a na sama. Kuma mai ɗora tambari ya sani cewa ya cinye rarar da aka tanada domin ƙurar hunturu, da maiƙon hannu, da tawadar da rana ta koɗe.

Akwai wani wuri da wannan ya taɓa Bahaushe kai tsaye. Ƙa'idar lambar tana ɗauka cewa rubutun da aka ba ta na haruffan Yammacin Turai ne in ba a gaya mata wani abu daban ba, kuma babu ƙ, ɗ da ɓ a cikin wannan jerin. A aikace ana rubuta su da tsarin UTF-8, inda kowanne ke cin gurbin haruffa biyu, haka ma yawancin haruffan ajami, kuma yawancin wayoyin yau suna gane hakan. Amma kafin rubutun ya isa wurin zane sai ya ratsa ta adireshin intanet, inda ƙ ke komawa %C6%99, a sake kwance shi a ɗaya ɓangaren. In aka yi kuskure a ko wace gaɓa, sai sunan mutum ko na unguwarsa ya fito a allon waya da wasu alamomi marasa kan gado, bayan an riga an buga kati dubu. Shafin da aka gina a wata nahiya ba lallai ne mai shi ya taɓa gwada harafi mai ƙugiya ba. Wanda ke riƙe da tasa uwar garken zai gwada sau ɗaya, ya gyara, ya huta.

To sai mu zo kan amana, inda hujjar mallakar ƙaramar uwar garke take da ƙarfi. Idan rubutun adireshin shafin da kowa ya sani ne, babu damuwa ko wa ya zana. Amma dubi abin da ake zubawa a cikin lambobin nan. Lambar da otal ko ofis ke mannawa don baƙo ya hau wayifai, in aka kwance ta, layi ɗaya ce da ke farawa da WIFI:, sai sunan layin, sai kalmar sirrin tsirara. Wadda ta fi wannan haɗari ita ce lambar da shafi ke nuna maka lokacin da kake kunna kariya ta biyu, wadda kake haskawa da manhajar da ke fitar da lambobi shida masu canzawa duk daƙiƙa talatin. A cikinta akwai mabuɗin sirrin da ake lissafa waɗannan lambobin da shi, kuma duk wanda ya mallake shi zai iya fitar da irin lambobinka har ranar da aka canza mabuɗin. Mai gina shafin da ya tura wannan rubutu zuwa wani shafin zanen lamba na kyauta, ya kai makullin ɗakin abokin cinikinsa gidan maƙeri da bai sani ba. Kada a ce ai an ɓoye hanya da HTTPS. Wannan yana hana na kan hanya leƙe, amma wanda aka aika wa dole ya buɗe ya karanta kafin ya zana. Ba ma sai ya yi mugun nufi ba: manyan manhajojin uwar garke irin su Apache da nginx, a saitinsu na asali, suna rubuta adireshin kowace buƙata a kundin aiki, har da abin da aka liƙa a wutsiya. Kalmar sirrin sai ta kwanta a wani fayil wata da watanni, a kwafe ta tare da sauran ajiya, ma'aikatan da ba ruwansu su riƙa wucewa ta kanta.

Wannan gargaɗin bai bar mai ƙaramar uwar garke ba. In ya kafa tasa ya bar saitin yadda ya same shi, bai yi komai ba face matso da tarin sirrin zuwa ɗakinsa. Uwar garken kirki a wannan aiki mai mantuwa ce: ba ta rubuta abin da aka aiko mata a kundi, tana karɓar rubutu mai sirri a cikin jikin saƙo maimakon a adireshi, tana kuma gaya wa burauza da na'urorin tsakiya kada su ajiye kwafin hoton. Gyara ne na 'yan layuka, amma sai wanda ke da iko da injin zai iya tabbatar da an yi shi. Alƙawarin da wani shafi ya rubuta cewa ba ya ajiye komai, ba ka da hanyar leƙawa ka gani.

Hujja ta biyu ita ce ɗorewa, kuma akwai darasi a tarihi na kusa. Google ta taɓa samar da wata hidimar zana jadawali da ake kira Image Charts, wadda a cikinta akwai zanen lambar QR ta adireshi ɗaya tak. Sauƙinta ya sa masu gina shafuka ba adadi suka liƙa adireshin a rasitai, tikitoci da shafukan shiga, har da waɗanda suka riƙa tura mata irin mabuɗin sirrin da aka ambata. Tun 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya janye hannu daga hidimar, amma ya bar ta tana aiki shekaru, har sanarwar ta zama tsohon labari. Da aka kashe ta, sai wurin lamba ya koma fanko a shafukan da masu su ba su ma san sun jingina da katangar wani ba. Ba za a ce kamfanin ya ci amana ba, domin ya yi gargaɗi da wuri. Laifin na wanda ya ari abin da zai iya mallaka da aikin yini ɗaya ne, ya kuma gina gida a kansa.

Masu sayar da hidimar zanen lamba suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce lambar da suke bayarwa mai rai ce: ko bayan an buga ta a allon talla, kana iya canza inda take kai mutum, kana kuma ganin mutum nawa suka haska, a wane gari, da wace irin waya. Gaskiya ne, kuma ga wanda ya buga fosta dubu goma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Sai dai a fahimci dabarar. Ɗigon da ke kan takarda ba sa motsi. Abin da aka rubuta a ciki ɗan gajeren adireshi ne na kamfanin, duk mai haskawa sai ya fara biyawa ta ƙofarsu kafin su tura shi wurinka. Ranar da kuɗin wata ya yanke, ko kamfanin ya durƙushe, ko wani ya saye sunan shafin, fostocinka suna nan a bango suna kai jama'a inda ba ka aike su ba. Wanda ke son wannan sassauci yana iya samunsa ba tare da jinginar da kansa ba: ya sa adireshin shafinsa na kansa a cikin lambar, ya riƙa juya akalar daga can. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ɗora wa ƙaramar uwar garken wannan aikin da na ƙidayar masu haskawa. Da zarar ta fara ajiye bayanin wa ya haska me, ta tashi daga mai zane ta koma mai tsaron kundi, da duk nauyin da ke tattare da haka.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi daga wani ɓangare yake zuwa. Tun da lissafin ba shi da nauyi, me ya sa ba za a bar burauzar mutum ta zana da kanta ba, rubutun bai ma bar wayarsa ba? A inda hakan zai yiwu, wannan ita ce hanya mafi kyau, kuma duk mai kare ƙaramar uwar garke ya kamata ya amsa haka ba tare da kwana-kwana ba. Sirrin da bai fita ba ya fi wanda aka miƙa wa amintacce. Amma ba ko'ina ake da burauza mai gudanar da manhaja ba. Saƙon imel ba ya gudanar da ita, hoto kawai yake nunawa. Manhajar da ke haɗa takardun PDF da tsakar dare, firintar rasit a kan kanta, tsohon tsarin biyan albashi da babu mai son taɓa cikinsa, duk abin da suka iya shi ne su kira adireshi su karɓi hoto. Ma'aikatar da ke da manhajoji biyar da aka rubuta da harsunan kwamfuta daban-daban ta fi samun sauƙi in duk suna zuwa wuri ɗaya, inda aka daidaita girma, farin gefe da haruffa masu ƙugiya sau ɗaya. Gurbin uwar garken ke nan, kuma bai fi haka faɗi ba.

Wani zai ce, a ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, sabis kuma yana zuwa yana tafiya, wane tabbaci ne akwatin da ke ƙarƙashin teburin ofis zai fi na babban kamfani daɗewa? Babu. Amma mutuwar biyun ba iri ɗaya ba ce. Lambar da rubutunta ke cikinta, da zarar an zana an buga, ba ta sake buƙatar wanda ya zana ta, ko an kashe injin an sayar. Sharaɗi ɗaya ne: a ajiye hoton da aka karɓa, kada a bar shafi yana kiran uwar garken duk lokacin da aka buɗe shi. Kuma da yake ba ta riƙe komai, in ta mutu ana tayar da wata a cikin mintoci, ba abin da za a kwaso. Kulawar da take buƙata kaɗan ce: a iyakance tsawon rubutu da girman hoto don kada wani ya nemi hoto mai faɗin fili ya shaƙe ta, a kuma rufe ta ga 'yan gida in ba don jama'a aka kafa ta ba.

Akwai abin da ba za ta iya ba, ko ta wa ce. Ba ta san gaskiya da ƙarya ba, abin da aka ba ta shi take zanawa, kuma idon mutum ba ya bambanta lambar kirki da ta ɗan damfara. A farkon 2022 an tarar da sitikun lambar bogi a jikin na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a birnin Austin na jihar Texas, masu kai direba shafin ɓarayi, kuma a watan Janairun shekarar hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan irin wannan. Zancen ya shafe mu tun da biyan kuɗi da lamba ya iso: Ghana ta ƙaddamar da GhQR a 2020, a Najeriya kuma NIBSS ta fito da NQR a watan Maris na 2021. A ƙa'idar EMVCo ta lambar da ɗan kasuwa ke nunawa, akwai 'yan haruffan tantancewa a ƙarshen rubutun, amma aikinsu gano kuskuren karatu ne, ba su hana wani haɗa tasa lambar mai tsari daidai da asusunsa a ciki ya manna a kan ta mai shago. Lambar karɓar kuɗi daga banki ko mai lasisi ake karɓo ta, kariyar mai biya kuwa ita ce sunan da ya fito a allo kafin ya danna, kamar dai yadda ake duba suna kafin a yi tiransifa.

In ana son lamba ta tabbatar da wanda ya fitar da ita, sai an sa hannu na lissafi a cikin rubutun da kansa. Haka Tarayyar Turai ta yi da takardar shaidar korona a 2021: kowace lamba tana ɗauke da sa hannun hukumar da ta bayar, manhajar mai dubawa tana gwada shi da mabuɗin da ƙasashen suka wallafa. Makarantar da ke son hana jabun takardar sakamako irin wannan hanya za ta bi. Injin da ke riƙe mabuɗin sa hannun kuwa yana buƙatar tsaro, da kundin wa ya shiga, da wanda zai amsa tambaya in mabuɗin ya fita, don haka a ware shi daban. Shi zai sa hannu ya miƙo rubutun, ƙaramar uwar garken ta zana ta manta.